Ƙafata a Kan Birkinka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Da sunan Allah nike farawa, Shi da ke fitar da matafiyi Ya kuma maido shi. Daga Kaikai, daga bakin tsohuwarka Hansatu. Malam Sule na maƙwabta shi ke riƙe da biro. Ya tambaye ni sunan wa zai sa a sama, na ce ya bar wurin haka nan, mai takardar ya san kanshi.

Ina gaishe ka. Ina gaishe da Rabi matarka da jaririyar, da duk mutanen gidan da ka sauka a Kankia, babba da yaro. Ina gaishe da Yaya Abu. Malam, rubuta wannan da kyau ya fito, kada a ce ban gaishe ta ba. Allah Ya sa takardar nan ta ishe ku lafiya, Ya sa ta ishe motar nan a tsaye inda ka aje ta.

Kada ka tada motar nan gobe. Shi ne kan maganar, na faɗe shi tun da fari don ko ka gaji da karatu ka aje takardar, ka dai riga ka ji. An ce da asuba za ka ɗauki iyalinka da kayan ɗakinku ku tafi Kano inda za ka riƙa lodi. Kada ka tafi sai an sake buɗe birkin nan. Dalili na nan tafe, ka yi haƙuri da ni, ban iya gajeriyar magana ba in tsoro ya kama ni.

Za ka ce don mi ban kira ka a waya ba. An ba ni wayar. Har an ce in yi magana a ciki a tura maka muryar. Na riƙe ta, na buɗe baki, bakin ya ƙi. Ka san ni da kai. Kai ne ɗan fari, tunda anka haife ka ban taɓa tsayawa na dube ka na yi maka magana doguwa ba. To ga ta yau, da hannun wasu.

Kuma na san gidan da takardar za ta. Na san kai ka iya karatu, amma Yaya Abu ba za ta bari ka karanta a zuci ba. Za ta gyara zama a kan tabarmar nan tata ta ce, karanta da ƙarfi mu ji abin da mutanen ƙauye sunka ce. To karanta mata. Ban ɓoye komi ba.

Bari in faro daga nesa.

Ran da anka yaye ka, Yaya Abu, yayar ubanka Allah Ya jiƙan shi, ta zo daga Kankia ta ɗauke ka riƙo, yadda ake yi da ɗan fari. Ba ƙwace ta yi ba, ban ce ƙwace ta yi ba. Ni na wanke 'yan rigunanka na ƙulle a ɗankwali. Da za ta goya ka, kana miƙo hannu kana kuka, sai na zagaya bayan rumbu na kama sheƙar gero wanda na riga na sheƙe tun safe. Matan gida na ta yabona, wai Hansatu akwai kara, ko kallon inda yake ba ta yi ba. Yabon ya yi mani daɗi. Na riƙe shi na yi ta tafiya da shi, har kara ta wuce inda ake kai ta. Wasu matan sukan yi ta a gaban mutane, in an shiga ɗaki su jawo ɗansu su shafa kanshi. Ni har cikin ɗakin na kai ta. In an kawo ka hutu kana zazzaɓi, sai in aiki ƙannenka su tambaye ka jiki, ina tsaye bayan ƙofa ina sauraren amsar.

To ka ji kuskurena na farko, kuma ga abin da nike so ka ɗauka a ciki. Kunya tana da wurinta, amma ban da wurin da rai yake. Na ga kana da ita irin tawa. In mutum ya girme ka ya ce an gama, sai ka sunkuyar da kai ka ce to. A gareji kada ka yi haka. In makaniki ya ce ya gama, ka ce nuna mani. In ya ɓata rai, ya ɓata. Ɓacin ran makaniki bai taɓa sa an yi zaman makoki ba.

Ka tashi kana ce mata Inna. Ni kuwa Iya ta Kaikai, kamar sunan tasha. Ban taɓa cewa komi ba. Da ka yi aure, a ɗakinta anka kai lefe aka duba. Da Rabi ta haihu anka raɗa wa yarinya Zainabu, sunan Yaya Abu ke nan, na daka fura na raba wa mutane ina cewa madalla, ai ta cancanta. Ta cancanta ɗin, ban ce ba ta cancanta ba. Amma Hansatu ma suna ne, ban ji an ce ya ƙare a duniya ba.

Malam Sule na dariya. Rubuta kawai, Malam, ba kai anka yi wa ba.

Sai ga mota. Shekara nawa kana acaba tsakanin Kusada da Kankia, rana ta dafa ka, ruwa ya jiƙa ka, kullum in na ji ƙarar mashin gabana ya faɗi, har Allah Ya hore maka ka sayi mota taka ta kanka. A bakin 'yan kasuwa na ji. Wata ta tare ni a Kusada wajen masu daddawa ta ce, Hansatu barka, jiya na ga ɗanki ya ɗauko uwarshi a gaban mota suna zaga gari. Na ce wace uwar? Ta ce au. An ce Yaya Abu ta ci ado da mayafinta na zuwa biki, ta sauke gilashi tana ɗaga wa mutane hannu kamar matar ciyaman. Sai da kunka gama zaga Kankia kaf sannan motar ta san hanyar Kaikai. Da ka buɗe mani ƙofa in gani, turarenta ne ya fara gaishe ni. Ga carbinta rataye a madubi. Na shafa kujerar na ce Allah Ya sa albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Amma carbin nan ya tsaya mani a ido. Ni ma ina da carbi. Ba wanda ya tambaye ni.

Yanzu ga na biyu. Wancan zuwan da ka yi na sallama, kana zaune ƙofar ɗaki kana faɗa wa ƙanwarka cewa birkin motar ya yi zurfi, sai ka taka da nisa yake kamawa, za ka kai ta wurin Mudi kafin tafiya. Mudi mijin Bilki ɗiyar Yaya Abu, mai gareji a bakin titin Kankia. Ina cikin ɗaki ina ji. Ka tuna abin da na yi? Ban yi maka magana ba, na yi da ƙanwarka yadda na saba, da ƙarfi don ka ji. Na ce, wasu mutane komi nasu sai Kankia. Ci Kankia, sha Kankia, suna Kankia, yanzu har ƙafar mota ba ta gyaruwa sai surukin Kankia ya taɓa. Na ce ubanshi da hannunshi yake gyara kekenshi da garmarshi, bai taɓa kai wa surukin kowa ba. Har na ƙara da cewa na ji an ce Mudin nan hannunshi ba ya da kyau, mota in ta shiga wurinshi ba ta fitowa daidai.

Ban ji ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mani haka. Abin da na sani game da Mudi shi ne yana gaishe ni har ƙasa in mun haɗu wurin suna, kuma nasu ne. Laifinshi ke nan a wurina, nasu ne.

Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce wa ƙanwarka, ki faɗa wa Iya ni ma na iya, na sha tsayawa kan Mudi yana yi, kuma akwai shi a waya ana nunawa. Wallahi daɗi ya rufe ni. Na ce yau dai na ci Kankia.

Ka ji wannan da kunnen basira. In za ka zaɓi wanda zai taɓa maka birki, kada ka saurari wanda ke da wani ciwo a ranshi, ko da uwarka ce. Ka tambayi direbobi waɗanda ke ɗora ransu a kan aikin mutumin kullum. Kuma keken ubanka, in birkinshi ya ƙi, ƙafa yake sawa a ƙasa ya tsaya. Sau nawa ya faɗa cikin ƙaya ya tashi yana kakkaɓe riga muna dariya. Mota ba a sa mata ƙafa a ƙasa. Na haɗa abin da bai haɗu ba don kawai in ci gardama.

Sai ranar da ka zo da kayan gyaran. Ka tuna, ruwan shuka ya sauka da dare, gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi, ƙannenka da matan gida duk sun tafi gona, ba kowa sai ni da awaki. Ka ja motar ƙarƙashin itacen bedin nan na ƙofar gida, ka ɗaga ta, ka cire ƙafafun. Ina leƙe ta katanga. Ka canza abin da za ka canza. Can sai na ji ka yi tsaki, man birkin da ka sayo ɗan ƙarami ne, ya ƙare bai cika ba. Ka tsaya kana duban hanyar Kusada, ga laka, ga motar a rataye. Sai ka ɗaga murya ka ce, Iya, akwai omo? Direbobi na dama shi su ƙara, yana yi.

Tunda anka ɗauke ka daga bayana ba ka taɓa cewa Iya ba ni kaza ba. Kullum kai ke kawowa, ka aje, ka gaishe ni, ka tafi. Ran nan ka roƙe ni abu. Na shiga ɗaki da sauri, na sauko da kwanon nan mai fure na cikin jerena wanda ban taɓa sa wa komi ba, na zuba omo, na dama da yatsana har ya yi santsi, har na tace shi da rariya don kada gudaji ya shiga motar ɗana. Na kawo maka da hannu biyu. Ina ce a raina, Yaya Abu ta shiga gaban mota, ni kuwa ga abin hannuna a cikin cikin motar.

Kada ka ƙara. Abin da ya fito daga ɗakin mace, na wanki ko na girki, ba ya shiga birki. In mai ya ƙare, ka bar motar a rataye ka taka da ƙafa ka sayo, ko da za ta kwana uku a nan awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Malam Sule, an kusa kiran la'asar, tashi ka yi alwala. Turo mani Hajara ta ƙarasa. Abin da ya rage ba na kunnen maza ba ne. A'a, ba gajiya ka yi ba, ni na ce ka tashi.

Yanzu Malama Hajara matarshi ke rubutu, in ka ga hannu ya canza. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mani magana ta mai da ni 'yar makaranta.

Da ka zuba ka rufe, sai ka ce saura a fitar da iskar da ta shiga birkin, kuma wannan mutum ɗaya ba ya yi. Sai wani ya zauna a kujera yana takawa, wani na ƙasa yana buɗewa yana rufewa. Ka duba gabas ka duba yamma, ba kowa. Ka ce bari ka jira masu gona. Ni na ce, da bango nike magana amma kai nike nufi, na ce ƙafar da ke taka ƙasar gini ba za ta kasa taka ɗan ƙarfe ba. Ka yi dariya har ka zauna. Ka buɗe mani ƙofa, ba ta gefen da Yaya Abu ta zauna ba, ta mai tuƙi. Ka nuna mani ƙarfen takawa na tsakiya. Ka ce, Iya, in na ce taka, ki yi ta takawa. In na ce riƙe, ki danne kada ki ɗaga ko mi ya faru, sai na ce saki.

Ka shige ƙarƙashi. Taka, Iya! Ina takawa. Riƙe! Na riƙe. Sai in ji ƙarfen ya nitse da ƙafata. Saki! Haka munka yi ƙafa ɗaya, munka yi ta biyu, munka yi ta uku. Ban taɓa yin aiki da kai ba sai ranar. Har na fara amsa maka da baki, ina cewa na taka, na riƙe, kamar wadda ta saba magana da kai. Na so a ce motar ƙafa goma gare ta.

Muna kan ta ƙarshe, ta gaba wajen mai tuƙi, daidai ƙarƙashina, ka ce riƙe, ka buɗe, sai wayarka ta yi ƙara. Ka ce, Iya riƙe fa, kada ki saki. Ka ɗauka kana kwance. Sai na ji muryarka ta canza, ta koma ta yaro. Innata! Innata ta kaina! Kuna ta dariya. Ban san mi ta ce ba, na dai ji ka ce, wallahi ban ci komi ba tun safe, ki aje mani, abincin wa zan ci in ba naki ba.

Dambu na nan a ɗakina a rufe. Da zogale da man shanu, tun da hantsi na turara shi don kai. Na turo maka shi ta bakin ƙofa ka ce a ƙoshe kake.

Ban ce zan ɗaga ƙafar ba. Na dai ga ta taso. Ta taso gaba ɗaya har ƙarfen ya biyo ta ya dawo sama. Na zauna haka ina kallon carbin nan yana lilo, kuna ta hira. Da na ji za ku yi sallama na mai da ita a hankali na danne. Ka ɗaure abinka, ka fito kana goge hannu, ka leƙo ta taga ka ce, Iya, kin dai riƙe ko? Na dubi gefe na ce, na riƙe.

Ka shiga ka gwada. Na ga ka ɗan yamutsa fuska, ka taka, ka sake takawa, ka sake, sannan ka ce ya kama, in an yi tafiya zai zauna. Na ɗauki kwanona na shige gida. A lokacin ban san abin da na yi ba, Allah Shi ne shaida. Na ɗauka kamar a saki igiyar guga ne a sake kamawa.

Da za ka tafi na tsaya a zaure. Can wajen kwanar rijiya Jumma mai nono ta fito daga hanyar ruga da ƙwarya a ka. Na ga jar wutar bayan motarka ta kama ta mutu, ta kama ta mutu, motar ba ta tsaya ba. Jumma ta yi tsalle ta faɗa gonar mutane, nono ya tafi. Sai can gaba ka tsaya, ka fito ka ba ta haƙuri, ka shiga ka ci gaba. Na fito da gudu ba mayafi, ina kira. Mi nike kira? Kai! Kai wannan! Kai yaron nan! Duk wanda ke hanyar ya waiwayo ban da kai. Da Yaya Abu ce, sau ɗaya za ta kira sunanka ka ji ta ko kana cikin rijiya.

Tun ran nan nike ta juya abin a raina. Yau da safe na kasa daurewa, na tafi wurin Ɗanjuma, tsohon direban babbar mota wanda idonshi ya tafi, taubashina. Na ishe shi a dakali. Na ce, wata ce ta aiko ni da tambaya. In ana fitar da iskar birki, mai takawa ya ɗaga ƙafa ba a ce ya ɗaga ba, mi ke faruwa?

Ya ce, ikon Allah. Wace ce wannan watan da ke taka birki a Kaikai? Ke gyatuma, ko lasin za ki yanka mu huta da 'yan acaba?

Na ce, kai dai makaho ba ni amsa.

Ya ce, sai ta sha iska mana, maimakon ta fitar. Ai sai a sake.

Na ce, in ba a sake ba fa? In kuma an ƙara da ruwan omo?

Sai ya daina dariya. Ya juyo da fuskarshi inda nike. Ya ce, Hansatu, motar wa? Na kama gyaran mayafina. Ya ce, omo mun yi shi, amma a daji, don mu lallaɓa mu isa gari a zubar a wanke, ba don mu ɗauki iyali ba. Yana cin robobin ciki, in ya yi zafi ya tafasa. Ita kuwa iska munafuka ce. A cikin gari tana barinka, ka taka biyu uku ya kama, ka ce lafiya lau. Sai ran da ka yi lodi, kana gudu a babban titi, tirela ta tsaya a gabanka, ka taka ka ji ƙafarka ta wuce har ƙasa kamar ka taka rami. Ya ce, yaushe zai tafi? Na ce gobe. Ya ce, to mi kike yi a nan?

Shi ya sa ka ga takarda da ɗan acaba.

Na tambaye shi kuma yadda ake gane mai gyaran kirki, don Kano ba Mudi. Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na sani a wurin ungozoma. Ta kirki ita ce wadda in abu ya fi ƙarfinta take cewa ya fi ƙarfina, a nemi mota. Wadda ke cewa komi na iya, ita ke kashe mata. To haka makaniki. Ka nemi wanda birki ne aikinshi, ba wanda ke gyara mashin da injin niƙa da rediyo duk a rumfa ɗaya ba. Ya buɗe robar man a gabanka, ka ji ƙarar murfin da kunnenka. Ya ba ka tsohon abin da ya cire a hannunka. Ɗanjuma ya ce in ya gama ka ce mashi shigo mu gwada, ka zauna gaba. In ya fara cewa yana da uzuri, kai ma kada ka shiga. Ka ce Mudi ya haɗa ka da wanda ya sani a can, su sun san junansu.

Abin da zan ƙara daga kaina, wanda Ɗanjuma bai faɗa ba. Ban hana ka taɓa motarka ba. Canza taya, duba ruwa, wanke ta, hannunka na da kyau, na gani. Amma birki aikin mutum biyu ne, na ƙasa ba ya ganin ƙafar na sama. Duk iyawarka, a kan maganar wancan kake kwance. To wanda za ka ɗora a kujerar nan, ya zama wanda in ya saki zai ce maka na saki. Kada ka ɗora wanda ke jin kunyarka. Kada ka ɗora wanda ke jin haushin wayarka. Kuma in kana ƙarƙashin mota ka kashe wayar, ko wace ce ke kira ta jira.

Yanzu ba da kai nike ba. Yaya Abu, na san kina ji. Na san kin riƙe haɓa kina cewa oh ni Abu, Hansatu ashe haka kike. Haka nike. Shekara da shekaru ina gaishe ki da murmushi ina ƙirga abin da kika samu. Kin yi mashi kaciya, kin kai shi makaranta, kin yi jinyar ƙyandarshi, duk na sani, kuma har gobe in na tuna ya ce abincin wa zai ci in ba naki ba, kishi na taso mani. Ban ce ya wuce ba, ƙarya zan yi. Amma maganata ba ta taɓa tsayar da shi ba, sau ɗaya ya bi ta ga inda ta kai mu. Taki yake ji. Ki amshi makullin motar nan yanzu, kafin a gama karatun nan, ki ƙulle shi a bakin zanenki ki zauna a kai. Ki aika a kira Mudi. Ya zubar da abin da na dama, ya wanke, ya zuba na gaskiya, ya sake fitar da iskar ƙafa huɗun duka da mutanenshi. In ya ce sai jibi, sai jibi. In yaron ya yi maki gardama, ki yi mashi tsawar nan taki da ake ji har bakin kasuwa. Ki ce wa Mudi ya yafe mani abin da na faɗa a kanshi. Carbinki kuma ki bar shi a madubin, ya zauna. Zan ba ɗan acaba nawa, in akwai wuri a rataya shi kusa, in babu a sa a aljihun mota, ba komi.

Malama ta ce takarda ta kusa cika, ta ce har yanzu saman babu suna, ko ta sa da kanta tunda ta san shi. Na ce a'a. Wanda ta sani ba shi nike so ba, sai wanda ta ji. Na sa ta tura ƙofa. Na sha ruwa.

Lawal.

Da bakina na faɗa, Malama shaida ce, ta ji, har ta aje biro. Lawal, ban riƙe ba. Na ce maka na riƙe, ban riƙe ba. Kada ka tada motar nan.

Allah Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya tsare ka daga abin da ke gabanka da wanda ke biye da kai. Allah Ya tsayar da motarka duk inda ka ce ta tsaya. Ya tsare Rabi, Ya raya Zainabu, Ya ba ka abokan hanya na kirki da abinci mai albarka a inda za ka. In Mudi ya gama, ka gwada ta a hanyar Kaikai. Zan sake turara dambu, ko ba ka ci ba ka zo in ga ta tsaya a ƙofar gida.

Wassalam. Iyarka ta Kaikai, Hansatu.